Inbata ɗaya babba ko biyu a haɗe: yadda ake zaɓa da yadda ake haɗawa a gidan da ya dogara da sola kaɗai

Duk wanda zai kafa sola a gidan da wutar NEPA ba ta kai ba, ko ta kai amma ba a sa ta a lissafi, yakan zo ya tsaya a kan tambaya ɗaya: ya sayi inbata ɗaya mai 8kVA ko 10kVA, ko ya sayi biyu masu 5kVA a haɗa su? Amsar da za a ba ka a shago sau da yawa tana bin abin da ke ajiye a sito ranar. Amsar gaskiya tana cikin lambobi uku da kai za ka fitar da hannunka: nauyin kayan da za su yi aiki lokaci guda, fizgar da injina ke yi lokacin tashi, da yawan am ɗin da batirinka zai iya bayarwa ba tare da ya wahala ba.

Kafin lissafi, a gane abu guda. Inbata ba ta samar da wuta. Batir shi ne rumbu, fanel su ne gonar da ke cika shi, inbata kuwa ƙofar rumbun ce. Idan ka ƙara ƙofa ta biyu, za a iya kwasar hatsi da sauri, amma hatsin bai ƙaru ba. Wanda matsalarsa ita ce wuta tana ɗaukewa da ƙarfe uku na dare, inbata ta biyu ba za ta yi masa magani ba, sai ma ta sa wutar ta ɗauke da wuri, kamar yadda za a gani a lissafin cin zaune, wato wutar da inbata ke ci ko ba a kunna komai ba. Inbata ta biyu maganin matsala ɗaya ce: inbata tana kukan lodi ya yi yawa tana kashe kanta alhali batir a cike yake.

Haka kuma hanyoyin uku ne, ba biyu ba. Akwai inbata ɗaya da ke ɗaukar gidan gaba ɗaya. Akwai biyu a haɗin faralel, inda fitarsu ke haɗuwa a waya ɗaya su zama tamkar inbata guda. Sannan akwai biyu da kowace ke da nata ɓangaren gidan, fitarsu ba ta taɓa haɗuwa. Wannan ta ukun ba a cika ambatonta ba, kuma a gidaje da yawa ita ta fi dacewa.

Mataki na farko: fitar da lodi na gaskiya

Ɗauki takarda ka bi ɗaki-ɗaki, ka karanta wat ɗin da ke rubuce a jikin kowane kaya. Ga misalin gida matsakaici: ƙwan fitila 20 masu wat 10, wat 200 ke nan. Fankar sama 6 masu wat 70, wat 420. Talabijin biyu, wat 200. Firji wat 150, firiza wat 200. AC ɗaya mai doki 1.5 irin ta da, wajen wat 1,250. Famfon burtsatse, wato sumo, mai doki ɗaya, wajen wat 1,100. Dutsen guga wat 1,200. Jimla wat 4,720.

Wannan jimlar ba ita za ka yi aiki da ita ba, domin ba kowane abu ke aiki tare ba. Kayan da kan haɗu da yamma su ne fitilu, fankoki, talabijin, firji, firiza da AC, wat 2,420. Idan an yi guga a kan haka, ya kai 3,620. Sumo kuwa ana iya ba shi lokacinsa da hantsi, lokacin da rana ta yi ƙarfi kuma babu mai guga. To lodin gidan nan na gaskiya wat 3,620 ne, kuma inbata ɗaya mai wat 5,000 ta ishe shi. Ƙa'idar da ta dace ita ce kada lodin da zai daɗe ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin inbata, wato wat 4,000 a kan mai 5,000.

A nan ne ake yawan tuntuɓe da kVA. Ba kowace 5kVA ke ba da wat 5,000 ba. Wasu wat 4,000 kawai suke bayarwa. Duba takardar da ke manne a gefen inbatar ka nemi lambar da ke da W, ka bar wadda ke da VA. Zafi ma yana rage ƙarfi. Victron MultiPlus-II mai 48/5000 tana ba da wat 4,000 a ma'aunin zafi 25, ta sauko 3,700 a 40. A Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yamai ko Damagaram, watan Afrilu yana haura 40 a inuwa, ɗakin batir da ba shi da taga kuwa ya fi haka. Saboda haka idan lissafinka ya zo daf da iyaka, ka ɗauka ya wuce.

Yanzu ƙara wa gidan nan AC biyu irin waccan. Lodin yamma ya koma 4,920, da guga 6,120. Inbata ɗaya mai 5,000 ta gaza. Daga nan ne tambayar ɗaya ko biyu take da ma'ana.

Mataki na biyu: fizgar tashi

Duk kayan da ke da injin da ke juyawa, sumo, kwamfuresar AC, firiza, injin markaɗe, yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, a daƙiƙun farko. Sumo mai wat 1,100 zai iya fizgar 4,400. Idan gidan yana kan 2,420 lokacin, inbata za ta ga wajen 6,800 na ɗan lokaci. Yawancin inbatoci marasa nauyi, irin waɗanda ba su da babbar tiransifoma a ciki, suna jure ninki biyu na ƙarfinsu na kimanin daƙiƙa biyar. Growatt SPF 5000 ES, alal misali, an rubuta mata 10,000VA na fizga. To 6,800 bai kai iyakarta ba.

Masu babbar tiransifoma, waɗanda mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, sun fi haƙuri da fizga mai maimaituwa. Idan aikinka walda ne ko niƙa, ɗaya mai tiransifoma ta fi biyu marasa ita kwanciyar hankali. Idan kuma kaya ɗaya tak ne ke tilasta maka neman babbar inbata, gyara wannan kayan ya fi sauƙi. AC mai fasahar inbata tana tashi a hankali ba ta fizga. Sumo ana iya ba shi nasa fanel da nasa akwatin sarrafawa, ya fita daga lissafin gida baki ɗaya.

Mataki na uku: batir zai iya ciyar da su?

Wannan shi ne matakin da ya fi kashe kuɗin mutane, kuma shi aka fi tsallakewa. Inbata mai wat 5,000 a kan batir mai bolt 48 tana jan wajen am 104 a takarda. Idan ka sa asarar cikin inbata, kuma batir ya sauko wajen bolt 46, abin ya kai wajen am 118. Biyu a cikakken aiki wajen am 236 ke nan. Inbata ɗaya mai wat 10,000 ma haka za ta ja. A wannan fuskar babu bambanci tsakaninsu.

Batirin litiyam da aka fi gani, mai bolt 51.2 da 100Ah, yana riƙe yunit 5.12, irin yunit ɗin da mitar kati ke ƙirgawa. A cikinsa akwai allon da ke gadinsa, wanda ake kira BMS, kuma a yawancinsu iyakarsa am 100 ce, wasu ma kamfanin ya ce a tsaya a 50 don ya daɗe. Ka ɗora wat 10,000 a kan batir ɗaya irin wannan, BMS zai yanke, gida ya yi duhu, a ce inbata ce ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Don wat 10,000 kana bukatar aƙalla uku a haɗe, huɗu ya fi.

Batirin ruwa, wato tubula mai bolt 12 da 220Ah, lamarinsa ya fi tsanani. Huɗu a jere suna ba da bolt 48 da yunit 10.5 a rubuce, amma rabi kawai ya kamata a ci idan ana so ya yi shekaru. Kuma an auna ƙarfinsa ne a kan ja a hankali, wajen am 11 zuwa 22. Am 22 a bolt 48 wat dubu ɗaya da 'yan kai ne. Wanda ya sa inbata biyu masu 5kVA a kan tubula huɗu ya sayi ƙarfin da ba zai taɓa morewa ba, batirin kuma zai mutu da wuri. Idan kuɗi ba su kai a yi duka ba, a sa su a batir.

Batun tsarin batir mai bolt 24 kuwa, daga wat 3,000 zuwa sama a bar shi. Am ɗin yana ninkawa, waya tana kauri, zafi yana ƙaruwa.

Mataki na huɗu: cin zaune

Inbata tana cin wuta ko babu abin da aka kunna. Yawancin masu wat 5,000 marasa tiransifoma suna cin wajen wat 40 zuwa 70 a zaune. Victron ɗin da aka ambata wat 18 take ci, kuma wannan yana cikin abin da ake biyan kuɗinta saboda shi. Ɗauki wat 50 a matsayin matsakaici: a awa 24 yunit 1.2 ne. Biyu, yunit 2.4. Fanel ɗaya mai wat 550 a rana irin ta arewa, mai awa 5 zuwa 6 na cikakken haske, yana kawo yunit 2 da 'yan kai bayan an cire asarar zafi da ƙura. Ke nan inbata ta biyu tana cinye rabin abin da fanel guda ya noma, kullum. Daga magariba zuwa hantsi, awa 13, tana kwashe yunit 0.65 daga batir, abin da zai juya fankar sama ɗaya dare guda.

Inbata ɗaya babba ma tana cin zaune fiye da ƙarama ɗaya, amma galibi ba ta kai na ƙanana biyu ba. Ka nemi lambar a littafin kowace ka kwatanta kafin ka biya.

Mataki na biyar: yanke shawara

Idan lodinka na gaskiya bai wuce wat 4,000 ba, sayi ɗaya mai wat 5,000 ka huta. Ka dai zaɓi wadda ke karɓar haɗin faralel idan kana ganin gidan zai girma. Sai dai ka sani, bayan shekara uku ko huɗu kamfani kan sauya samfuri, ka je neman 'yar'uwarta a Sabon Gari ko Alaba ka tarar sabuwar ba ta jituwa da tsohuwar. Wanda ya tabbata zai ƙara cikin shekara guda, gara ya saye su tare.

Idan lodin yana tsakanin 4,000 da 8,000 kuma kayan gida ne da suka warwatsu, ɗaya babba ta fi sauƙi: waya kaɗan, saiti ɗaya, wurin samun matsala kaɗan, kowane mai gyara zai gane ta. Aibinta shi ne ranar da ta tsaya komai ya tsaya, kuma a ƙauyen da ke da nisa da gari gyaranta kan ɗauki makonni.

Haɗin faralel yana da wurinsa. Idan lodin ya wuce abin da inbata ɗaya da ake samu a kusa za ta ɗauka, ko kana da ɗaya mai kyau ba ka so ka sayar da ita da asara, ko kana bukatar ƙofofin fanel biyu, wato wuraren da wutar fanel ke shiga inbata, saboda rufin yana kallon gabas da yamma, to faralel ne. Amma kada a ruɗe ka da cewa idan ɗaya ta mutu ɗayar za ta ci gaba da kanta. A nau'o'i da dama, da zarar ɗaya ta samu matsala duka suke tsayawa, sai an raba wayoyi an sake saiti. Ko ta ci gaba, lodin da aka tsara wa biyu zai faɗo kan ɗaya ya kashe ta. Ribar ita ce kana da wadda za ka koma kanta a ranar, in akwai wanda ya iya.

Wurin da ɗaukewar wuta ke jawo asara, kamar ɗakin shan magani mai firjin allura, shagon ƙanƙara ko gidan kaji, raba lodi ya fi. Inbata ɗaya ta ɗauki fitilu, fankoki da firji, tana aiki dare da rana. Ta biyu ta ɗauki AC, sumo, guga da hita, a kunna ta da rana a kashe ta da dare, cin zaunenta ya tafi. Ba dole su zama iri ɗaya ba, suna kuma iya shan batir ɗaya muddin bolt ɗinsu ɗaya ne kuma saitin cajinsu ya dace. Kowace da akwatin birekunta. Sai a sa canjoba mai yanke waya biyu, laif da nutiral, a kan ɓangaren kayan dole, yadda idan ta farko ta tsaya za a juya su kan ta biyu cikin minti guda. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: fitar inbatocin nan biyu kada ta taɓa haɗuwa ko ta kuskure, domin kaɗawar wutarsu ba ta tafiya tare, haɗuwarsu ƙonewa ce nan take. Iyakar wannan tsari ita ce kaya ɗaya ba zai iya wuce ƙarfin inbata ɗaya ba.

Abubuwa biyu a gefe. Bidiyoyin Amurka da ke nuna ana haɗa inbata biyu don a samu bolt 240 suna magana ne a kan tsarinsu na 120 da 240. A Najeriya, Nijar da Gana inbata ɗaya tana fitar da 220 zuwa 230 kai tsaye, wannan dalilin bai shafe mu ba. Sannan injin mai layi uku, wato tiri-fes, inbata biyu ba sa tayar da shi. Sai uku, kowace a kan layinta, ko ɗaya da aka ƙera mai layi uku.

Yadda ake haɗin faralel

Manomi ba ya ɗaura bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya ya ce zai yi huɗa. Inbatocin dole su zama kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, ƙarfi ɗaya, manhajar cikinsu ma lamba ɗaya. A yawancinsu ana ganin lambar manhajar a allon inbata, ka duba a shago kafin a ɗaure kwali. Ka tabbatar an ba ka wayoyin haɗin: ta sadarwa, da ta raba lodi a nau'in da ke amfani da ita. Wasu samfuran sai an sa musu ƙaramin allo na faralel da ake saya daban. Growatt SPF 5000 ES da Victron MultiPlus-II mai 5,000 suna karɓar har guda shida. Aikin nan na ma'aikacin lantarki ne da ya san sola. Mai gida ya san matakan don ya iya duba abin da ake yi masa.

A kafa su a bango ɗaya, tsayi ɗaya, da tazarar santimita 20 a gefe da 50 sama da ƙasa. Kada a ɗora ɗaya a saman ɗaya, ta sama za ta sha zafin ta ƙasa. Kada su zauna a saman batirin ruwa, tururinsa yana cin allo.

Ɓangaren batir: duka biyun dole su sha daga rukunin batir ɗaya. A sa sandunan tagulla biyu, wato busba, ɗaya ta fositif ɗaya ta negetif, masu ɗaukar aƙalla am 300. Batura su zo kan busba, kowace inbata ta ɗauka daga busba da wayarta da birekarta ta DC, wato irin ta wutar batir, mai am 125 zuwa 150, gwargwadon abin da littafinta ya ce. Kada a ja waya daga batir zuwa inbata ta farko sannan a tsallaka daga ita zuwa ta biyu. Waya 35mm ta tagulla zalla ga kowace, idan nisan bai wuce mita biyu ba, in ya wuce a koma 50mm. Tsawon wayoyin biyu ya zama daidai, ko da ɗaya ta fi kusa da busba, a naɗe rarar.

Dalilin yana cikin lissafi. Waya 35mm mai mita 1.5 zuwa da mita 1.5 dawowa tana zubar da wajen bolt 0.18 a am 118. Mai mita 3 zuwa da 3 dawowa tana zubar da 0.35. Inbatocin biyu sai su riƙa ganin batir ɗaya da bolt daban-daban, ɗaya ta riga ɗaya cewa batir ya ƙare, ko su ƙi tashi. Ka kuma kankare bakin wayar ka gani. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa wa tagulla, ciki fari, kuma alminiyam kashi 61 cikin ɗari kawai na abin da tagulla ke ɗauka yake ɗauka. Araha ba ta ado a nan. Bakin waya a matse shi da abin matsewa na gaskiya, ba da guduma ba. Birekar wutar gida ta yau da kullum ba ta aikin DC, ba ta iya kashe tartsatsinsa, tana iya kamawa da wuta.

Ɓangaren fita: wat 5,000 a bolt 230 wajen am 22 ne. Kowace inbata ta fita da waya 6mm zuwa birekarta mai am 32 mai yanke waya biyu, tsawo ɗaya, sannan su haɗu a wuri guda. Daga nan zuwa akwatin gida waya 10mm da bireka mai am 50. Laif da laif, nutiral da nutiral. A gwada da mita, kada a dogara da launin waya. A wannan ɓangaren kada a wuce gona da iri wajen kauri: 'yar turjiyar da waya ke da ita tana taimaka wa inbatocin su raba lodi daidai, waya mai kauri sosai kuma gajera tana sa ɗaya ta fi ɗaya ɗauka.

Fanel: kowace inbata da nata jerin, ba a raba jeri ɗaya tsakanin biyu. Fanel mai wat 550 yana nuna wajen bolt 50 idan ba a ɗora masa komai ba. Inbatar da iyakarta bolt 450 ce, takwas a jere sun isa: 400, kuma da sanyin safiyar hunturu bolt yana ɗan hawa. Tara sun kai 450 tun kafin sanyi, wannan ƙona ƙofar fanel ne.

Waya ta ƙasa: a kafa sandar at, a haɗa jikin inbatocin biyu, ƙarfen fanel da akwatin bireku a kanta. Haɗin nutiral da at wuri ɗaya tak ake yinsa a duk tsarin. Wasu inbatocin suna yin haɗin da kansu a ciki, don haka a karanta abin da littafin ya ce game da faralel kafin a ƙara wani a akwati. A sa bireka mai gane yoyon wuta ta 30mA a fita, da abin kare tsawa a ɓangaren fanel.

Tayarwa da saiti

A bar birekun fita duka a kashe. A kunna batir ga inbata ɗaya tukuna. Akwai manyan kafasito a cikin inbata da ke zuƙar wuta da ƙarfi a karon farko, biyu lokaci guda suna iya sa BMS ya ɗauka gajeren haɗi ne ya yanke. Ana magance wannan da ɗora resisto mai om 30 zuwa 50 na 'yan daƙiƙu kafin a kunna bireka, ko a kunna inbatocin ɗaya bayan ɗaya.

A saita kowace ita kaɗai, makunninta na fita a kashe. A inbatocin dangin Axpert, waɗanda ake sayarwa da sunaye da yawa, saiti na 28 ne: a sauya shi daga SIG zuwa PAL. A Growatt SPF saiti na 23 ne. Bolt ɗin fita, 50Hz, nau'in batir, bolt ɗin caji da na yankewa duka su zama ɗaya. A kashe su, a haɗa wayoyin sadarwa, a kunna. A dangin Axpert ɗaya za ta nuna HS, ita ce jagora, ɗayar ta nuna SL. Idan batirin litiyam ne mai magana da inbata, wayar BMS wurin ɗaya daga cikinsu kawai take zuwa. Kafin a kunna birekun fita, a auna tsakanin laif ɗin wannan da laif ɗin waccan: ya kamata mita ta nuna kusan sifili. In ta nuna bolt mai yawa, a tsaya.

Cajin ma haɗuwa yake yi. Idan kowace an bar ta a am 60, batir yana shan 120. Tubula mai 220Ah bai kamata ya wuce am 25 zuwa 30 ba, litiyam mai 100Ah kuma am 50 kowane guda. A raba adadin da batir ke so gida biyu. Janareto ma haka: am 120 a bolt 54 wajen wat 6,500 ne kafin a sa lodin gida, ƙaramin janareto zai durƙusa. A rage cajin janareto a saiti, kuma wutarsa ta shiga inbatocin biyu daga tushe ɗaya.

Gwaji da abin da kan lalace

A ɗora lodi a hankali: fitilu, firji, AC, sannan sumo. A wajen wat 4,000, a sa mita mai kama waya a kan fositif ɗin kowace inbata. Idan ɗaya tana jan am 45 ɗaya 42, lafiya. Idan 55 da 32 ne, akwai waya da ta fi tsawo ko ƙusa da ba ta ɗauru ba. Bayan rabin awa a auna zafin kowane bakin waya. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi a kashe a sake ɗaure shi. A maimaita wannan bayan wata guda, domin tagulla tana saki.

Lambobin kuskure a dangin Axpert suna faɗin inda ciwon yake. 71, manhajojin ba ɗaya ba ne. 72, matsalar wayar raba lodi. 80, 81 da 82, sadarwa ta yanke, galibi waya ce ta saki ko ɓera ya ci, ko an bi da ita kusa da wayar wuta. 83, suna ganin bolt ɗin batir daban, a duba bireka da tsawon waya. 86, ɗaya tana PAL ɗaya tana SIG. 60 kuwa wuta ce ke komowa cikin inbata ta fita, a kashe nan take a duba ko an juya laif da nutiral. A tsarin layi uku, wayar raba lodi ba ta tsallakawa tsakanin inbatocin da ke layi daban, yin haka yana lalata su.

Ƙurar hunturu tana toshe fankokin ciki, kuma ba lallai ta toshe su daidai ba. Wadda ta fi toshewa ta fi zafi, ta rage ƙarfi ko ta tsaya, ta ja 'yar'uwarta. Daga Nuwamba zuwa Maris a riƙa cire ragar iska ana kakkaɓewa duk wata, a hure cikin da abin hura iska bayan an kashe komai an jira mintuna kafasito su sauke.

Tun ranar da aka gama aiki, a rubuta matakan komawa kan inbata ɗaya a manna a bango kusa da su: kashe lodi, kashe birekar fita da ta batir da ta fanel na wadda ta lalace, zare wayoyin sadarwa, mayar da saitin mai lafiya daga PAL zuwa SIG, sauke birekun AC da sumo da hita a akwatin gida, sannan a kunna. A yi wa waɗannan birekun alama da jan fenti, kuma a gwada matakan sau ɗaya da rana tare da wanda zai riƙa kula da wurin.